Sukarin da na ƙulle a haɓar zani

Shekarun baya, ina goyon 'yata ta fari, babu abin da nake tsoro kamar a ce mijina ya rame a hannuna. Mahaifiyata ce ta sa mini wannan a kai, ta ce duk namijin da ya rame, matarsa ake kallo. Ni kuwa da ma ba a faɗa mini magana in ajiye ta. Kullum maigida ya dawo sai in saci kallon wuyansa in ga ko ƙashi ya fito.

Kwale-kwale yake tuƙawa, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da kayansu tsakanin wajenmu na Illo da ɓangaren Benin. Sai ya fara ƙiba. Na yi ta murna, har tafiyata ta canza a gidan biki. Ashe ciwo ne nake yi wa guɗa.

Abin kan zo masa in ya daɗe bai ci abinci ba. Zufa ta karyo, hannu ya kama rawa, ya yi ta surutai marasa kan gado. Rannan a tsakiyar ruwa, da mutane cike da jirgi, ya kama zagaye wuri ɗaya yana dariya. Wata mai tallar alewa ce ta tura masa guda biyu a baki don ya yi shiru, sai ga shi ya dawo hayyacinsa yana tambayar wa ya juyar da jirgin. Daga ranar mutane suka fara gudun jirginsa, ni kuma na daina samun natsuwa sai na ga ya shigo gida a bushe.

Dangi suka ce mutanen ruwa ne suka shafe shi. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Na lura da an ba shi kunu mai sukari, kafin ya kai rabin kofi ya warware. Tun daga nan ba na rabuwa da sukari mai ƙwaya a ƙulle a haɓar zanina.

Na faɗa wa malamin asibitin garinmu. Ya ce in abin ya tashi mu kawo shi haka nan. Muka kai shi, ya soki yatsansa ya duba, ya ce sukarin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka tura mu Birnin Kebbi, daga can Sakkwato, ni da goyona da Inna, wato mahaifiyarsa.

Likitan can ya ce yana zargin wani ɗan ƙari ne a wani nama da ke kwance bayan tumbi, mai aikin daidaita sukarin jiki, wai shi ke sa sukarin faɗuwa, shi kuma ya jawo ƙibar. Amma sai an tabbatar. Za a kwantar da shi, ba ci sai ruwa, ko da zai kai kwana uku, har abin ya tashi a gabansu su ɗebi jini a lokacin.

Muna fita Inna ta ja ni gefe. "Ke ɗiyata, mi wanga yaro ya ce? Mun kawo majinyaci asibiti a hana shi abinci? Ko gidan yari ana ba da tuwo."

Na ce, "Inna, ki bar mini."

Ranar farko wajen azahar na ga goshinsa ya fara naso. Na matsa kamar zan gyara masa filo, na jefa masa ƙwaya biyu. Ya tsotse yana lumshe ido. Nas ta zo ta gwada, ta ce lafiya lau. Da la'asar na sake. Inna ita ce mai gadin ƙofa, in ta hango farin kaya sai ta yi tari. Ni a raina taimakon likita nake yi, don kada majinyacinsa ya mutu masa.

Washegari likita ya tsaya yana juya takarda yana kallon maigida. Ya ce, "Abin mamaki. Mutumin nan ya fi ni ƙarfi. In ya kai gobe haka, ba abin da nake zato ba ne, sai mu tura ku wajen likitocin ƙwaƙwalwa."

Duk da haka na ci gaba da ɓoye ƙullina.

Kiyashi ne suka tona mini asiri. Nas ɗin nan, wata doguwa mai tabarau, ta ga layinsu tun daga taga, ta biyo su da ido har ƙafar gado, har tabarmata, har haɓar zanina.

"Baiwar Allah, me ke cikin ƙullin nan?"

Na ce, "Na yarinya ne."

Ta leƙa bayana. "Watanta nawa?"

"Huɗu."

"Ikon Allah. Wata huɗu da taunar sukari. Malam, buɗe bakinka."

Maigida ya ƙi buɗewa, don akwai saura a kumatu. Na waiga neman Inna, sai na ga ta tayar da sallar nafila.

Na zaci likita zai yi faɗa. Ya zauna ya yi dariya har da share ido, sannan ya ce, "Ke kika raya shi duk watannin nan, ban ƙi ba. Amma ciwon nan ɓuya yake yi, kuma ke kike ɓoye shi. In ya koma ruwa da shi, wa zai jefa masa sukari a tsakiyar kogi?"

Wannan maganar ce ta shige ni. Na kwance ƙullin na miƙa. Inna ma, bayan ta sallame, ta zaro dabino bakwai daga cikin hijabi.

Aka sake daga farko. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Na ga zufar ta zo, na ga hannun ya fara rawa, ya kalle ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Na zauna a kan hannayena ina hawaye ina kiran nas. Nan da nan suka zo, suka ɗebi jini, suka tura masa ruwan sukari ta jijiya. Bai daɗe ba ya buɗe ido ya ce yunwa yake ji.

Jinin ya nuna abin da likita ya zata. Aka sa shi a na'urar hoto, aka ga ƙarin, aka yi masa aiki aka cire. Da suka nuna mana shi a kwalba, bai wuce ƙwayar gujjiya ba. Inna ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wanga ɗan abu shi ya cinye muna sukarin gida?"

Yanzu ya koma jirginsa, yana azumin watan Ramadan cikakke, ba abin da ke tashi. In na tuna ina dariya, amma can ƙasan zuciyata sai in ji sanyi, don saura kwana ɗaya in sa a sallame mu da ciwon a cikinsa, kuma duk da sunan so.

Don Allah ina roƙonku, in likita ya ce kada a ba majinyaci komai, ku tambayi dalili har ku gane, sannan ku bari. In kun san zuciyarku irin tawa ce, ku fita waje ku zauna a ƙarƙashin bishiya har a kira ku.