Mai Askin Da Ya Bar Suma

Matasan yanzu in sun ji ana kiran magoya bayan tsohon sarki 'yan suma, sai su ce wai sumewa suka yi ranar da aka tuɓe shi. Ba wanda ya sume. Sumar kai ake nufi, kuma daga kan wani mai aski sunan ya faro.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujera mai juyawa, da madubi mai tsaga a gefe, da bencin masu jira. Shekara goma sha tara, duk Laraba sai ya naɗe aska da almakashi a tawul ya nufi fada. Ba ruwansa da rigimar sarauta. Abin da ya sani, akwai tabo a ƙeyar sarki, kuma hannunsa ya iya kewaye shi.

Wata Laraba ya tarar da sojoji a ƙofar fada. An tafi da sarki, ba a faɗi inda aka kai shi ba. Ya dawo shago, ya ce wa na kan benci, "Aska ba za ta hau kaina ba sai ya dawo."

Wani direba ya tuntsire da dariya. "Mai aski da suma? To mu wa zai ba ka kansa?"

Amma kafin wata uku, direban da kansa ya bar suma, haka teloli da masu gyaran keke. Mutanen sabon sarki suka laƙaba musu sunan don ba'a, su kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Da abin ya ishi hukuma, sai aka kama mutum bakwai, aka kira mai askin, aka ce ya aske su a gaban jama'a. Ya ce hannunsa na ciwo. Aka garƙame masa shago shekara guda. Kafin a buɗe, duk sauran 'yan suma sun sha aski a wani wuri, kuma kunya ta hana su bi ta ƙofarsa.

Ƙaninsa ya zo har gida. "Yaya, shi fa tsohon sarkin bai ma san kana yi ba."

"Ni na sani," in ji shi.

Sumar ta yi fari, hannun ya soma ciwo da gaske. A shekara ta goma sha huɗu, yana share shago da hantsi, rediyo ya sanar da rasuwar tsohon sarki a wani gari mai nisa. Ya jingine tsintsiya ya koma gida. Matarsa ta shimfiɗa masa tabarma, ta ɗauko almakashin ɗinkinta, ta zauna a bayansa.

Tana cikin yanka ya ce, "Ko wa yake masa aski a can?"

Ta ci gaba a hankali, tana share ido da bakin zane.

Bai ƙara buɗe shagon ba. 'Yarsa ta ɗauke su shi da uwarta zuwa gidanta, a can ya cika bayan wata biyar.