Na Je Jamus Ɗauko Hadiza

Talata, Greensboro

Ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, Malam Isufu mai tasi ya ɗauke ni daga McLeansville. Watan Yuli ne, 2006. Aike ɗaya matata Hajiya ta ɗora mini: in dawo da 'yarmu Hadiza, wadda ta ajiye karatun nas ta bi malaminta na tarihi Jamus. A masallaci ana ta cewa kaburburan arna take tonewa.

"Alhaji, ka kawo ta ta koma nursing, c'est tout, shi ke nan," in ji Isufu muna kan titin Wendover. Ni ma da wannan niyyar na fito.

Minti talatin da biyar muka yi zuwa filin jirgi. A Philadelphia na yini a kan kujera, sai shida na yamma muka tashi.

Laraba, Frankfurt

Mun sauka takwas saura. Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce 'yata, ya buga hatimi. Jirgin ƙasa kusan awa ɗaya zuwa Wetzlar, sai bas minti ashirin. Burodi da cuku na ci, ban yarda da naman kowa ba.

Bakin kogin Lahn

Fili ne kamar gonar da aka girbe, an ja zare an yanka shi gida-gida. Na tarar da Hadiza a durƙushe, ɗankwali duk ƙasa. Ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, babu grave ko ɗaya. Gari ne. Romawa suka gina shi a tsakiyar ƙabilun Jamus shekara dubu biyu da suka wuce. 'Yan shekaru suka yi, suka tashi."

Ta nuna mini tushen gini na dutse, da baƙin tabo inda ginshiƙai suka ruɓe. Ni dai ƙasa na gani. Sai ta kai ni rumfa ta ajiye mini tsingaro biyu: ja sumul na Romawa, baƙi mai kauri na 'yan ƙasa. "Rami ɗaya suka fito. That's the evidence, tare suka zauna."

Na juya baƙin. Daga ciki akwai shatin yatsa, inda aka danne yumɓu aka haɗa wuya da jiki. Babban yatsana ya zauna a wurin daram.

"Wannan tukunyar sai da ta sha iska kafin a ɗora mata wuya," na ce.

"How do you know?"

"Kakarki maginiyar tukwane ce a garinmu Mirya. Ni nake kwaɓa mata yumɓu."

Shekara ashirin da biyu ban taɓa gaya mata ba. A Greensboro cewa nake ni ɗan gidan fatake ne. Kunya ta kama ni sosai. Ita kuwa littafinta ta jawo, ta ce in maimaita a hankali. Har la'asar ina ware mata tsingaro tana rubutawa. Zancen nas ban tayar ba.

Asabar, gida

Bakwai na yamma Isufu ya tarbe ni. Ya leƙa bayana bai ga kowa ba, ya ja mota har McLeansville. Hajiya na tsaye bakin ƙofa.

"Ina take?"

"Tana wurin aikinta. Sai Agusta."

"To me zan ce wa mutane?"

"Ki ce musu sana'ar uwata ta gada."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na kuma gode wa Isufu, da ya sauke mini jaka bai tambayi komai ba.