Fim ɗin Indiya ya buɗe bakin Amira

Jiya Baba ya kunna wani tsohon fim ɗin Indiya a falonmu na unguwar Bronx, nan ƙasar waje, sai ga 'yata Amira ta zauna kusa da shi. Tun da ya zo daga Kaduna ba su taɓa doguwar hira ba, shi Hausa, ita Turanci.

A fim ɗin an kori wani magidanci daga kamfani saboda yajin aiki, ɗansa ya shiga daba don ya ciyar da gida. Ƙarshe 'yan sanda suka harbe ɗan, mai kamfanin kuwa ko a jikinsa.

Amira ta fusata. Da 'yar Hausarta ta ce, "Kaka, fim ɗin nan bayan masu kuɗi yake bi!"

Baba ya kwashe da dariya. "Amaryata, ashe ke tamu ce! Lokacin da muke aikin masaƙa, in fim ɗin ya zo daidai nan, ɓawon rake muke jifan allon sinima da shi."

Har na gama tuwo suna caccakar mai kamfani, kuma duk da Hausa.

Ku fa, me ya taɓa haɗa 'ya'yanku hira da kakanninsu haka?