Ɗaki Mai Sanyi a Bakin Kanal

A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo kwamfuta ofishin noman rani da nake aiki, tsakanin Kura da Bunkure. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyaya iska, abin da ko shugabanmu bai samu ba. Mu biyu kaɗai muke shiga, ni da wani injiniya ɗan Filato wanda ya koya mini ita. Kafin a fara shuka alkama aka mayar da shi Kano, aka bar ni da baƙin allo da wani ɗigon haske mai ƙyafta ido.

Injiniyan ne ya tsara bayanan rabon ruwa, kowane yanki da akwatinsa a cikin na'urar. In ka rubuta umarnin shiga, ka bi shi da sunan gari, sai ta buɗe. Kura ta buɗe, Bunkure ta buɗe. Da na rubuta Garun Babba, sai ta ce ba ta san wurin ba. Garin da nake wucewa kullum a kan keke!

Aikin bai dame ni kamar rashin wanda zan tambaya ba. A waje direbobin tarakta suna hira a gindin darbejiya, ana ta shewa a kan tumatir da ya yi kwantai. Sun sa wa kwamfutar suna Baturiya, in na fito sai su ce, "Ga mijin Baturiya nan, yau ta sake ka?" In yi yaƙe in koma. Na yi kwanaki ina bugawa tana ƙi, har na zage ta da Hausa. Kaɗaici ya ishe ni, wallahi.

Wata rana da hantsi, ina juya ƙaton littafinta, na ga wani misali an sa suna tsakanin alamun buɗe magana da rufewa. Ashe in ta ga tazara tsakanin kalmomi biyu, sai ta ɗauka suna ya ƙare, abin da ya biyo baya wani abu ne daban. Na kewaye Garun Babba da alamun nan, na danna. Ta buɗe. Na miƙe tsaye ina dariya ni kaɗai.

Da aka tashi ban tsaya ko'ina ba, na bi gefen kanal har gonarmu. Na tarar da Baba ya naɗe wando, yana buɗe wa fangalin albasa ruwa. Na tsuguna na gaishe shi, na kwashe labari tun daga farko, har ina zana alamun a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsinke. Bai katse ni ba. Ya dubi zanen, ya dube ni.

"To, madalla. Ruwan namu zai ƙaru ke nan?"

"A'a, Baba. Na dai iya shiga ne."

Ya toshe bakin fangalin da laka, ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Allah Ya yi maka albarka," ya ce. "Ka yi haƙuri da ni. A da, in ka dawo daga makaranta ina gane rabin abin da kake faɗa. Yanzu muryarka kawai nake ganewa."