Tsakin da Ya Kori Badaru

Badaru ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubashina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. An haife shi a ƙauyenmu da ke gefen Bici, ranar da aka ce jakuna uku sun tsinke igiya saboda ƙarfin kukansa. Makaranta tare aka sa mu. Ni na daure har aji uku na sakandare, shi kuwa tun a firamare ya ce allo na sa masa jiri.

Amma fa a ba shi inji. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da injin casar shinkafa a bakin kasuwarmu, wani baƙin dodo da idan ya tashi sai liman ya ɗaga murya. Matan gari su sayi shanshera, shinkafa mai ɓawo ke nan, su turara ta a tukunya, su shanya, a kawo wa Badaru ya cashe. A bayan shagon buntu ke taruwa tsibi guda. Nan tsofaffi ke zama da faifansu suna bakace, suna fitar da tsakin shinkafar da ya bi buntun. Haka aka saba tun kafin mu: abin da ya faɗi ƙasa na mai shara ne, ba a tambaya, ba a godiya. Shugabarsu Inna Ramlat, wadda mijinta ya rasu tun zamanin kwabo, da wannan tsakin ta ci da jikoki huɗu.

Sai aka gina kamfani a hanyar Kano. Wallahi katangarsa kaɗai, idan ka fara zagayawa da alwala sai ka sake wata kafin ka dawo. Wakilansu suka shigo fadama da iri da taki da sikeli, suna ɗauke shinkafa tun tana zube a gona. Shekara ta farko manoma har rawa suka yi. Ta biyu mata suka je kasuwa ba shanshera ko mudu ɗaya. Ta uku aka kife tukwanen turara, kaji suka koma kwana a ƙarƙashi. Injuna biyar na yankinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kamfani ya zama shi kaɗai ke saye, shi kaɗai ke faɗin farashi.

Badaru ya sayar wa 'yan gwangwan dodonsa, aka auna shi kamar tsohon bokiti. Washegari ya ci babbar riga, ya zuba sifanu a aljihu, wai zai je ya karɓi injin kamfani.

Na ce, “Ranka ya daɗe injiniya, a tuna da mu in an samu mota.”

Ya ce, “Kai dai ko gadi ba zan ɗauke ka ba, barci za ka yi.”

A kamfani suka tambaye shi kwalin makaranta. Ya nuna musu tafin hannunsa. Aka ba shi tsintsiya.

Wata bakwai yana sharar ɗakin da ake ɗura buhuna, ko kusa da injin ba a bar shi ya je ba, ta taga yake leƙensa. Buntu ƙonawa suke yi a tukunyar tururi, tsaki kuma a ɗinke a sayar wa masu kaji. A ƙauye kuwa Inna Ramlat ta rame har faifanta ya fi ta faɗi.

Ranar wata Laraba ya share ƙasa, ya tara tsaki kamar mudu biyu, ya kakkaɓe ƙasar, ya ƙulle a leda zai kai wa Inna Ramlat. Bai ɓoye ba. A hannu ya riƙo, yana kaɗa ta, har yana yi wa maigadi sannu da aiki.

Maigadi ya ce, “Baba, mene ne wannan?”

“Shara ce, ɗana.”

“Wa ya ba ka?”

“Wa zai ba ni? Ni na share.”

Aka kira wani mai ɗamammen wando daga ofis. Badaru ya tsaya yana koya masa dokar shara tiryan-tiryan, kamar mai karantar da yaro alwala. Mutumin ya bari ya gama, sannan ya sa aka ɗauki hotonsa riƙe da ledar, aka manna a ƙofa, aka rubuta ɓarawo a ƙasa. Ledar ma ba su bar masa ba.

To a da, in wani ya kore ka sai ka tsallaka wurin maƙwabcinsa. Yanzu ina maƙwabcin? Abin da ya rage wa Badaru 'yar gonarsa ce ta fadama, ya samu buhu tara bana. Ya kai wa Abdulkabir, wakilin kamfani, ɗan garinmu da muka yi dambe tare muna yara. Abdulkabir ya ce an hana shi karɓar kayan duk wanda hotonsa ke ƙofa.

Na ce ni zan gyara. Na loda buhunan a kura, na tura har rumfar sikeli, na ce nawa ne.

Abdulkabir ya dube ni, ya dubi buhunan. “Kai da ko barkono ba ka taɓa shukawa ba? Kuma duk ƙasar Bici wa ke ɗinke bakin buhu sau biyu in ba Badaru ba?”

“To ka rufe ido mana, ɗan Baba.”

“In rufe ido a manna nawa hoton? 'Ya'yana shida.”

Na juyo da kura. Badaru na zaune a ƙofar gida, ya hango ni tun daga nesa, ya ga buhunan ba su ragu ba. Ya tashi ya kama ɗaya gefen, muka shigar da su zaure ɗaya bayan ɗaya, muka sa duwatsu a ƙarƙashi saboda gara.