Kiran Ɗan Fari a Oba-oba

Maigidana ya dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi kaɗan, da kuma son wani abu da mu ba mu san shi ba. A soja aikinsa riƙe oba-oba ne, rediyon nan da ake magana a ciki a amsa maka daga nesa. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, tsaransa suka koma sayen babur da kwanon rufi, shi kuwa tsofaffin oba-oba yake bi. Ya ji za a yi gwanjo a Katsina, ko wani Bature zai koma garinsu, sai ya ɗaura ɗamara. Bakwai ya tara a shagon zaure. Biyu ne ke magana, sauran cire musu kayan ciki yake yi yana yi wa biyun magani.

Ɗaya ya bari a gida, a ƙauyenmu da ke tsakanin Batsari da Ruma, da batirin mota da doguwar waya da ya ja zuwa kan ɗorawa. Ɗayan ya ba ɗan farinmu, wanda yake malamin gona a Safana. Kullum bayan azahar sai sun gaisa.

Ni ban taɓa shiga hirar ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Tun yaye uwata ta ɗauke shi, ya tashi cikin ƙannena, yana ce mini Yaya kamar yadda suke cewa. Ban taɓa kama sunansa ba. In ya zo gaisuwa, daga bayan labule nake amsawa ciki-ciki, in aika masa ruwa. Shekara ashirin da bakwai muna haka, ban ga aibu ba.

Ranar kasuwar Batsari ce, da damina, maza duk sun tafi. Ina tankaɗe na ji maigida ya yi salati da ƙarfi. Na tarar da shi zaune a ƙasa ya riƙe hannun dama. Ya sa hannu cikin ɗaya daga matattun akwatunan nan zai zaro wani ƙarfe, ashe kububuwa ta shige ciki tana gudun danshi. Na ga wutsiyarta tana sulalewa ta ƙarƙashin ƙofa. Jinin da ke fita daga yatsansa ya ƙi tsayawa.

Na ɗaure masa damtse da ɗankwalina. Ya ce, "Malamin asibitin Safana ne kaɗai ke da allurar. Yaron nan yana jira yanzu. Kira shi."

Na ce, "Malam, kai dai ka daure ka yi."

Ya yunƙura ya koma. Gumi ya jiƙe shi, muryar ta shige ciki. "Ba kin yi yaƙi da jahilci ba? Karanta."

Dama tuni ya liƙa 'yan takardu a jikin akwatin saboda rubutun Turancin ya goge. Na bi su da yatsa. Kunna. Jira ya yi zafi. Danna ka yi magana. Jiran nan da bai kai a sha ruwa ba, na ɗauka yini ne. Sai abin ya fara shuuu, can na ji ɗana yana sallama, yana cewa, "Baba, kana ji na?"

Na danna. Na ce, "Maciji ya sari Malam. A zo da allura."

"Wace ce?"

"Ni ce."

"Ke wa? Baiwar Allah, don Allah sauka daga layin nan. Ba a wasa da irin wannan magana. Mahaifina nake jira."

Innalillahi. Hannuna ya saki madannin. Na zaci saran macijin ne tashin hankalin ranar. Ɗan da na haifa, na shayar shekara biyu, bai san muryata ba. Ba iska ce ta ɓata ta ba, don na ji tasa tar kamar yana zaure. Bai taɓa jin na yi masa magana mai tsawon haka ba ne.

Maigida ya ɗago kai, har da wani guntun murmushi. "Malama, faɗi sunan. Ko da kunyarki za a binne ni?"

Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na dubi hannun, ya kumbura har gwiwar hannu. Na danna, na rufe ido, na kira sunan. Sunan yanka, wanda aka raɗa masa ina ɗaki ina ji. Na ƙara da cewa, "Uwarka ce."

Shuuu ɗin kawai. Na ɗauka batir ne ya mutu.

"Yaya?" ya ce. "Yaya, ke ce? Wane hannu? Wane irin maciji?"

Na faɗa masa. Ya ce kada in bari Malam ya tashi, kada in bari a tsaga wurin, ga shi nan zuwa. Na zauna na tallafe kan Malam, ina ta karanta abin da ya zo bakina.

Sai dab da magariba suka iso, shi da malamin asibitin a kan babur, taɓo har cinya, don sai da suka ɗauki babur ɗin a ka suka haye rafi. Aka yi allura. Da safe aka samu mota zuwa Katsina. Malam ya yi kwana goma sha ɗaya a can, ya dawo babu yatsan, amma da ƙafarsa ya shigo gida.

Uwata ta zo duba shi, ta riga ta ji labari a hanya. Ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"An ce kin kama sunan yaron nan."

"Na kama, Inna."

"Da bakinki? A cikin ƙarfe, duniya tana ji?"

"Da bakina."

Ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallona. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Can ta matso kusa, ta rage murya.

"To, ya amsa?"

Na ce, "Ya amsa."