Igiyoyin Ɗanasabe

Can da sunanshi ba ya fita bakina, amma yanzu ƙasa ta rufe mishi ido, bari in faɗa: Ɗanasabe. Ɗanasabe mai igiya, na Garin Tala, gabas da Cadawa. Ni ce Maijidda, matarshi. Shekara talatin da 'yan kai munka yi tare, kuma rabinsu faɗa muke kan kaba.

Sana'arshi ke nan tun yana saurayi. Ya tafi gulbi da jaki ya yanko kaba, ya jiƙa ta ta yi laushi, ya zauna gindin bedi, wato dogon yaro, yana tufka. Igiyar ɗaure akuya, ta mangala, ta rumbu, duk yana yi, amma wadda anka san shi da ita ita ce igiyar guga. Rijiya guda gare mu, wadda kakanshi Tala ya gina kafin a kafa ko bukka ɗaya, kuma duk gugar da ta shiga cikinta da igiyar Ɗanasabe ta shiga.

To mutumin nan yana da wani hali mai ban haushi. Igiyar guga in ta tsufa, kowa yanka ta yake ya ɗaure dabba. Shi ko duk shekara sai ya ware guda ya naɗe, ya rataye mini ita cikin ɗaki. Ɓera ya samu gida, kunama ta samu gida. Na ce, "Maigida, gado za ka bar ma 'ya'yanka da ruɓaɓɓar kaba?" Sai ya ce, "Bar su nan, suna da magana." Igiya da magana! Na ce Allah ya ba ka lafiya.

Shekarun nan gyaɗa ta yi daraja, gari ya cika. Mutane sunka yi ta zuwa daga wajen Katsina suna saran daji, Fulani na biyowa da shanu, kowa rijiyar Tala. Sannan damina ta yi mana rowa sau biyu a jere. Shekarar da anka ce mun samu mulkin kai, anka yi kiɗa a Cadawa, mu ko muna bakin rijiya muna jiran ruwa ya taru. Ka zura guga ka ji ta bugi laka. In ka samu rabin tulu kafin azahar, ka gode Allah.

Sai anka fara tashi. Sha'ibu, ƙanen maigida uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya fara ɗaure kaya. Ya zo sallama ya ce, "Yaya, gari ba ruwa ai kango ne. Taho mu tafi." Gida tara sunka bi shi cikin wata guda. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na ce mishi mu bi sahu. Ya dube ni ya ce, "In na tashi, wa ya rage?" Gaskiya ce mai ɗaci. Duk wanda ya saura, ganin jikan Tala zaune ya hana shi tafiya.

Rannan da safe ya shiga ɗaki ya sauko da igiyoyin nan, guda bakwai, ya aza ma jaki. Wai ya ji gwamnati na gina rijiyar siminti, za shi buro, ofishin gwamnati, a Tasawa ya nema mana. Mutumin da bai san ko gaisuwa da Faransanci ba! Na ce, "Da wane baki?" Ya ce, "Ga bakin nan bisa jaki."

Kwana biyu yana tafiya. Mai gari ya haɗa shi da nashi ɗan'uwa, Musa, wanda ya ba mu labari. Ya ce da sunka isa, mutane maƙil, kowane gari rijiya yake so, kowa na rantsuwa tashi ta ƙafe. Ɗanasabe ya sauke kaya a filin buro, ya shiga warware igiyoyi yana miƙe su a ƙasa, kai da kai. Ta farko tsawonta gaba goma sha tara. Ta biyu ta ɗara ta. Ta uku ta ɗara ta biyu, kowace shekara ruwa ya ƙara nisa ke nan. Ta bakwai sai da ta tsallake hanya ta kai gindin wani dogon yaro. Gardi mai tsaron buro ya taso zai kore shi, sai malamin buro ya leƙo ya ce a ƙyale shi. Ya fito ya taka daga wannan kai zuwa wancan, ya dawo, ya tambayi sunan garin.

Bayan kaka sai ga kamyo, babbar mota, da siminti da ƙarafa, da wani magini, Garba, baƙi siriri, mai faɗan tsiya. Munka yi ta guɗa. Guɗar ba ta gama fita ba ya tara mu ya ce nashi gini ne kawai. Haƙa namu, tsakuwa tamu, igiya tamu, ruwan kwaɓa siminti ma namu.

Ruwa! Wallahi sai da na zauna ƙasa. Mu da ke lasar gindin tulu, mu za mu shayar da siminti? Wata tsohuwa ta ce wannan ai an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ɗanasabe ya ce, "Igiya tawa ce." Sai ya juyo ya dube ni, gaban mutane. Haushi ya kama ni, don na san abin da yake nufi. Na ce, "To, na ji! Ruwa namu ne, mu mata."

Wata huɗu munka yi. Da hantsi mu kama hanyar gulbi, ni da Lantana matar mai gari a gaba, mu tona yashi mu kwalfi abin da ya tsattsafo, mu dawo rana tsaka, wuya kamar ya karye. Tulu biyu na Garba, ɗaya na gida. Wanka sai Juma'a. Garba kuwa in ya ga ruwa da ƙasa-ƙasa ya hau masifa. Na ce mishi, "Kai, ɗan nan, in ka ƙara, kai za mu kwaɓa."

Igiyar haƙa ba irin ta guga ba ce. Mai kauri ce, ita ke sauke mutum, ita ke fid da ƙasa, kuma yashi na cinye ta cikin kwana kaɗan. Ɗanasabe shi kaɗai ke tufkarta, bai yarda da hannun kowa ba tunda ran mutum ke rataye. Abin da ban lura ba da wuri, ya rage jiƙa kaba. Ruwan da na ajiye mishi sai ya yayyafa ɗan kaɗan, saura ya juye a randar Garba. Kaba mai ƙarancin ruwa kuwa kaifi gare ta. Ran da na kama tafin hannunshi na gani, duk ya tsattsage, wani wurin har fari ya fito. Na yi kuka, na zage shi, na shafa mishi man shanu na naɗe da tsumma. Da gari ya waye ya kwance tsumman ya koma gindin bedi.

An wuce gaba ashirin da bakwai, inda tsohuwar rijiya ta tsaya, ƙasa busassa. An wuce talatin. Gida biyu sunka ƙara tashi. Garba kanshi ya daina faɗa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, a gaba talatin da huɗu, mai haƙa ya girgiza igiya ya yi ihu daga ƙasa. Anka jawo kwando, yashi na ɗiga. Washegari anka zura guga ta fito cike, ruwa ja kamar kunun kanwa. Garba ya tace cikin ƙwarya, ya wuce mai gari, ya wuce liman, ya miƙa ma Ɗanasabe.

Ya miƙo hannu biyu zai karɓa, yatsun sunka ƙi lanƙwasuwa. Ya sake gwadawa, ruwa na zuba. Gari duk ana kallo. Ban san sa'ad da na ratsa maza ba. Na karɓi ƙwaryar na kafa mishi a baki, ya sha har ƙasa, ruwa na bin gemunshi. Ban ji kunyar kowa ba.

Hannun bai ƙara tufka igiya ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi bayan nan, kuma ni ke zuba mishi ruwan alwala.